Ranar da na ba mai taya ni aiki haƙuri a gaban yarana

Na daɗe ina son rubuta wannan abu, sai in fara in goge, in sake farawa in goge, dan ba labari bane da zai nuna ni da kyau. Amma tunda har yau yana min aiki a zuciya inaga gara in faɗe shi kawai, wataƙila akwai wata uwa ko wani uba da yake tsaye daidai inda na tsaya a lokacin.

Yaranmu uku ne, ni da maigida duk muna fita aiki, dan haka akwai wata budurwa da take zuwa tana taya ni aikin gida, in wata ya ƙare in biya ta. Wata ran Asabar na ajiye wayata a kan tebur na shiga wanka, fitowar da zan yi sai na tarar sikirin ɗin ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ita ce take goge-goge a falon. Ban tambayi kowa komai ba, na hau ta da faɗa, yaran suna zaune suna kallo, tana cewa Mama ba ni bace, ko taɓa ta ban yi ba, ni kuwa ina ƙara hawa, har nace mata ga ɓarna ga ƙarya. Nace zan cire kuɗin gyaran a albashinta, kuma da ƙarshen wata yayi na cire ɗin. Ta karɓi abin da ya rage da hannu biyu tace na gode Mama, ta tafi.

Kusan sati uku bayan nan muna sujadar dare, dama mun saba kafin addu'a kowa ya faɗi in akwai abin da yake so a roƙa masa gafara a kai, sai autanmu mai shekara shida ya fashe da kuka. Da ƙyar muka gane abin da yake faɗa. Ashe shi ne ya ɗauki wayar zai yi gem ta suɓuce masa ta faɗi, ya mayar da ita yadda take ya koma ya zauna. Na juya wajen babbar, ita shekararta goma sha biyu, naga ta sunkuyar da kai, nace ke ma kin sani? Tace eh. Nace to me ya hana ki faɗa? Amsar da ta ba ni har yanzu in na tuna sai naji cikina ya juya, tace Mama ai ko mun faɗa ba za ki ji ba, kin riga kin yanke.

Gaskiya tunanin da ya fara zuwa min ba mai kyau bane. Nace a raina in wata ya ƙare sai in saka mata kuɗin cikin albashi ince ƙari ne na mata, shikenan magana ta wuce, ta samu kuɗinta ni ma mutuncina yana nan. Da na faɗa wa maigida bayan yara sun kwanta, yayi shiru na ɗan lokaci, sannan yace a ina kika ci mata mutunci? Nace a falo. Yace gaban su wa? Nace gaban yara. Yace to in kin mayar da kuɗin a ɓoye kuɗi kawai kika mayar, sunan maƙaryaciya da kika ɗora mata yana nan a falon. Na ji haushin maganar sosai, nace masa yanzu so kake in tsaya ina ba ta haƙuri yara suna kallo, gobe wa zai ƙara jin maganata a gidan nan? Bai ja ba, yace ki kwana da shi.

Ban yi barci ba. Ayar da ta riƙa dawo min ita ce Mika 6:8, wadda na haddace tun ina makarantar Lahadi, inda annabin yake cewa an riga an nuna maka abin da ke mai kyau ya kai mutum, abin da Ubangiji yake nema a wurinka shi ne ka yi adalci, ka ƙaunaci jinƙai, ka yi tafiya da Allahnka cikin tawali'u. Shekara da shekaru ina faɗinta amma ban taɓa zama na karanta abin da ke gabanta da bayanta ba sai daren nan. Mika mutumin Moreshet ne, yayi annabci a zamanin sarakunan Yahuza uku, Yotam da Ahaz da Hezekiya, sama da shekara 700 kafin haihuwar Yesu, kuma mutanen da yake wa magana ba wai sun daina ibada bane. A aya ta 6 da ta 7 tambaya suke, me za mu kawo wa Allah, dubban raguna ne, ko kogunan mai dubu goma, ko mu ba da ɗan farinmu? Wato a shirye suke su ba da komai a bagade. Amma in ka gangara aya ta 10 zuwa 12 sai ka ga mudun da aka rage, da ma'aunin algus, da jakar duwatsun awo na ƙarya. Wadda ta fi soke ni tana sura 2 aya ta farko, inda yake maganar masu ƙulla mugunta a kan gadonsu gari na wayewa su aikata, kuma dalilin da ya bayar shi ne dan ikon yin hakan yana hannunsu. Na tambayi kaina, da ƙawata ce ta zo gidan nan wayar ta fashe, zan iya buɗe jakarta in cire kuɗin gyara? Ko tambayarta ma da ƙyar zan iya. Na cire wa yarinyar nan kuɗi ne dan kuɗin yana hannuna kuma na san ba ta da inda za ta kai ƙara. Ba wani dalili bayan wannan.

Kuma abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda Littafi Mai Tsarki bai ɗauki maganar ladan ma'aikaci da wasa ba ko kaɗan. Littafin Firistoci 19:13 cewa yayi kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka har safiya. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ya ƙara bayani, a biya shi a ranar kafin rana ta faɗi, dan matalauci ne kuma zuciyarsa tana kan kuɗin, kada ya kai kuka ga Ubangiji ya zama maka zunubi. A Sabon Alkawari ma wasiƙar Yakubu 5:4 tace ladan da aka danne wa masu girbi shi kansa kuka yake yi, kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Sati uku ina zuwa coci ina waƙa ina saka baiko, alhali akwai kuɗin da ke kuka a cikin jakata.

Sai ɓangaren shari'ar kanta. Mu iyaye ba mu cika ganin kanmu a matsayin alƙalai ba amma kullum shari'a muke yi, wa ya fara dukan wani, wa ya fasa, wa ya ɗauka, a rana ɗaya sai ka yanke hukunci biyar ko shida, kuma kai ne mai ƙara kai ne alƙali kai ne mai zartarwa, babu ɗaukaka ƙara. Karin Magana 18:13 yace wanda ya ba da amsa kafin ya ji, wauta ce da abin kunya a gare shi, aya ta 17 kuma tace wanda ya fara kawo ƙara shi ne kamar mai gaskiya, sai ɗayan ya zo ya yi masa tambayoyi. Dokar Musa ba ta yarda a kama mutum da laifi da bakin shaida ɗaya ba, sai biyu ko uku, yana nan a Maimaitawar Shari'a 19:15. Ni ko shaida ɗaya ban da ita. Abin da nake da shi kawai shi ne ita ce baƙuwa a cikinmu, kuma zuciyata ba ta so laifin ya zama na ɗana.

Da gari ya waye na daina neman hanyar zillewa, sai dai ban san yadda ake yi ba. Nan ne labarin Zakka ya taimake ni, a Luka 19. Da Yesu ya shiga gidansa bai tsaya a kan na tuba kawai ba, yace rabin dukiyarsa zai ba matalauta, wanda duk ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu, kuma bayan ya faɗi haka ne Yesu yace yau ceto ya zo gidan nan. Ba daga kansa ya ƙirƙiro lissafin ba, Fitowa 22:1 ta riga ta ce wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar zai biya huɗu. A Firistoci sura 6 kuma, wanda ya zalunci maƙwabcinsa zai mayar da ainihin abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, a haɗe da hadayar da zai kai. Yesu ma haka ya jera su a Matiyu 5:23-24, in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, bar baikon a gaban bagade, je ka shirya da shi tukuna. Ni dai abin da na fahimta, "yi haƙuri" da baki kaɗai ba ya rufe ramin da ka haƙa a aljihun mutum.

Ran Litinin da yamma da na dawo aiki nace ta ɗan jira kafin ta tafi, na tara yaran, maigida ma yana nan. Bakina ya min nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Nace mata na zarge ki da abin da ba ki yi ba, na kira ki maƙaryaciya alhali gaskiya kika faɗa, na riƙe miki haƙƙinki, na yi miki laifi na yi wa Allah laifi, ina roƙonki ki yafe min. Na miƙa mata kuɗin da ƙari a kai, nace wannan ba kyauta bace, bashi ne. Autan ma ya matso yace Anti ki yi haƙuri ni ne, ya miƙa mata 'yan canjin da ya fasa asusunsa ya ciro, dan babansa ya ce masa tsoro ya sa ka yi shiru mun gane, amma shirun naka wani ne ya biya kuɗinsa.

Ta daɗe ba ta ce komai ba, hawaye kawai. Da ta buɗe baki tace Mama ba kuɗin ne ya fi min ciwo ba, tun ranar nan in na ce wa yaran nan su bari sai naga kamar suna min kallon mai ƙarya. Ban taɓa tunanin wannan ba sam. Magana zarar bunu ce, na zare a cikin minti biyu, ita kuma ta yi sati uku tana shigowa gidan da take jin ba a yarda da ita ba, tana wanke mana kaya tana kula min da yara. Tace ta yafe, na kuma yarda ta yafe ɗin.

Tun daga nan fahimtata game da tawali'u ta canja. A da ina ɗauka tawali'u shi ne magana a hankali, da in an yabe ka kace ai ba ni ba Allah ne, da zama a kujerar baya a coci. Duk ina yin waɗannan, mutane ma suna cewa ina da sauƙin kai, amma yaran da nake kwana da su sun san in na yanke na yanke. A Yohanna 13 kafin a ce Yesu ya tashi ya ɗaura tawul, aya ta 3 sai da ta fara gaya mana cewa ya san Uba ya ba da komai a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito kuma wurinsa zai koma. Da wannan sanin ne ya zuba ruwa a daro ya fara wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ne yake yi wa baƙi, kuma har da ƙafar Yahuza, dan bai fita ba sai bayan nan. Luka 22:24 ya nuna a wajen cin abincin nan ma gardama suke kan wane ne babba a cikinsu. Wanda komai ke hannunsa shi ne ya sunkuya. To a cikin gida wa komai ke hannunsa? Ba yaro ba ne, ba mai aiki bace, mu ne iyaye.

Nan ne nake da 'yar damuwa da yadda muke koyar da abin nan. Sau da yawa in aka tashi wa'azin tawali'u, fuskar wa ake kallo? Mace, yaro, mai aiki, talaka. A ce musu ku yi haƙuri, ku sauke kai, ku bar wa Allah. Alhali yarinyar nan ba darasin tawali'u take buƙata ba a ranar, ta riga ta fi ni shi nesa ba kusa ba, adalci take buƙata. In aka yi amfani da tawali'u aka toshe bakin wanda aka cuta to an juya ayar ne a kife. Bulus bai yi haka ba. Inda ya ce 'ya'ya su yi wa iyaye biyayya, nan take ya juya ga ubanni a Afisawa 6:4 yace kada ku tsokani 'ya'yanku har su yi fushi, a Kolosiyawa 3:21 yace kada su karai, a 4:1 kuma ya ce wa iyayengiji su yi wa bayinsu abin da ke daidai da adalci, suna sane su ma suna da Ubangiji a sama. Mu kuma sai mu karanta rabin da ya shafi na ƙasa da mu da babbar murya, rabin namu mu wuce shi da sauri. Laifi tudu ne dai.

Kuma tsoron da nake ji cewa yara za su raina ni, bai faru ba. Abin da ya faru shi ne sun fara kawo min laifinsu da kansu, ba kullum ba, amma fiye da da. Inaga yaro in ya ga babba ya amsa laifi kuma sama ba ta faɗo ba, sai shi ma ya samu ƙarfin hali.

Wani abu kuma ya fito da ban nema ba. Bayan 'yan kwanaki na tsakiyan, wanda ba shi da yawan magana, ya same ni ina ninke kaya yace Mama da ni ne na fasa wayar nan da kin dake ni ko? Na buɗe baki zan ce a'a sai na kasa, dan na san gaskiya ne. Ina sassauta wa autan, kowa a gidan ya sani, ni kaɗai ce nake cewa duk ɗaya suke a wurina. Littafin Farawa bai ɓoye irin wannan ba, 25:28 yace Ishaku yana ƙaunar Isuwa, Rifkatu kuwa tana ƙaunar Yakubu, ƙarshenta ɗaya ya gudu daga gida dan ɗan'uwansa na neman ransa, ya yi shekara 20 a gidan Laban. Shi Yakubun da ya sha wannan wahala da ya girma sai ya maimaita abin a kan Yusufu, ya yi masa riga ta musamman, har 'yan'uwansa suka kasa yi masa maganar alheri, daga baya suka sayar da shi. Abin yana bin jini in ba a tsaya an kira shi da sunansa ba. Na ce wa yaron gaskiyarka ne, kuma ba daidai bane, zan gyara, in ka ga na koma ka gaya min. Ya gaya min kuwa, ya fi sau ɗaya.

Yanzu 'yan abubuwan da muke yi ba su da yawa. Ba a hukunci a gidanmu sai an ji ta bakin kowa, ko da na gani da idona, kuma in raina a ɓace yake sai a bari sai anjima. Albashin mai taya ni aiki ranar da muka yi alkawari ranar ake biya, in kuɗi sun yi mana wuya wani abin namu ne zai jira, ba nata ba, mun kuma zauna mun faɗi ƙarfe nawa take tashi, in ta wuce lokacin a lissafa mata. Maigida ya ɗauki wankin banɗaki ran Asabar, shi da yara maza, ba tare da wani jawabi ba. Sai maganar baƙi, wadda babbar ce ta tono ta bayan mun karanta wasiƙar Yakubu sura 2, wajen mai zoben zinariya da aka ba wuri mai kyau aka ce wa matalauci ya tsaya can, tace Mama mu ma ai akwai kofunan da ake fito wa wasu baƙi da su, wasu kuma a ba su na roba a bakin ƙofa. Ba ni da amsa, sai muka sauko da kofunan daga saman kabad.

Ba wai na zama wata sabuwa bace fa. Watan da ya wuce ma na daka wa maigida tsawa a kan makullin da daga baya na tsinta a jakata, kuma sai da na kai dare kafin na iya cewa ni ce. Girman kai ba ya mutuwa lokaci ɗaya, kullum sai ya samo sabuwar hujja, yau gajiya ce gobe ai ni ma an min. Akwai ranakun da nake jin kamar bin diddigin nan ya yi yawa, gida ne ba kotu ba, kuma gaskiya ne jinƙai ma yana cikin ayar, ba kowane kofi da ya fashe ne sai an zauna a kansa ba, wani sai a share a wuce. Amma na lura in ni ce mai laifi nafi son a share a wuce, in wani ne kuma sai in tuna da adalci, dan haka nake taka-tsantsan da kaina a nan.

Ita dai tana nan tare da mu har yanzu, muna hira muna dariya, yaran suna jin maganarta. Sai dai har yau in tana goge tebur ta tarar da wayata a kai ba ta taɓa ta, sai ta goge ta zagaye ta, ko ta leƙo tace Mama zo ki ɗauke wayarki. Na ce mata ta riƙa ɗagawa kawai ba komai, tace to Mama, amma jiya ma sai da ta kira ni.